INDA GUBA KE KWANA A JIKIN MUTUM: Darasi a Kan Ƙashi, Kitse da Batun Wankin Jiki

GABATARWA

A kasuwanni da tashoshin mota, har ma cikin motocin haya masu dogon zango, ba a rasa masu tallar magani da ke shaida wa jama'a cewa jikin kowane mutum cike yake da dattin da ya daskare a jijiyoyi da gaɓoɓi, kuma wai kwalba guda ta maganinsu za ta wanke shi tas cikin kwana uku. Mutane da yawa sun sayi irin wannan magani da kuɗin guminsu, waɗansu kuwa sun ƙare a gadon asibiti.

A cikin wannan magana akwai ƙwayar gaskiya, akwai kuma ƙarya mai yawa. Gaskiya ne waɗansu irin guba sukan shiga jiki su sami wurin zama, su yi shekara da shekaru ba su fita ba. Amma ba gaskiya ba ne cewa maganin zawo, ko gumi, ko ƙaho, yana iya fitar da su. Wannan ɗan littafi zai bayyana inda gubar ke zama, da yadda jiki ke tsabtace kansa, da abin da magidanci zai yi don ya tsare iyalinsa. Ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. MENE NE KAYAN HAƊIN JIKI?

Masana sun kasa naman jikin mutum gida huɗu. Na farko shi ne saman fata da shimfiɗar da ke lulluɓe cikin baki da hanji. Na biyu tsoka, wadda ke motsa jiki. Na uku ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo. Na huɗu kuwa shi ne wanda ke ɗaure sauran ukun, ya tallafe su, ya cike tsakaninsu. Shi ake nufi da kayan haɗin jiki.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya ga waɗannan kaya da idonsa. In aka feɗe rago, akan ga wani farin tantani tsakanin fata da tsoka. A ƙarshen tsoka akwai farar jijiya mai tauri wadda ta ɗaure ta da ƙashi. A bakin gaɓa akwai guringuntsi. Ga kitse a ƙarƙashin fata da kewayen hanji da ƙoda, ga kuma ƙashi da ɓargonsa. Duk waɗannan dangi ɗaya ne, har jini ma masana sun lissafa shi cikinsu.

Abin da ke ba yawancinsu ƙarfi wani zare ne da ake kira kolajin, wanda ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da ke jikin mutum. Shi ne ke sa farfesun ƙafar saniya ya daskare idan ya kwana.

A tsakanin zaren nan akwai ruwa. Ruwan ba kwance yake kamar na kududdufi ba. Kullum yana fitowa daga jini, ya kai wa nama abinci, ya kwashe datti, sa'an nan ya koma cikin jini, waninsa kuma ya bi ta waɗansu siraran hanyoyi da ke ratsa kaluluwa kafin ya koma. Saboda haka maganar cewa datti yana daskarewa a cikin tantani har sai an matse shi ba ta da tushe. Wuraren ajiya na gaske guda biyu ne, watau ƙashi da kitse.

2. GAƁOƁIN DA KE TSABTACE JIKI

Kafin a fahimci yadda guba ke taruwa, wajibi ne a san yadda take fita.

Hanta ita ce babbar ma'aikata. Nauyinta a jikin baligi ya kai wajen kilo ɗaya da rabi, jini kuwa wajen lita ɗaya da rabi ke ratsa ta a kowane minti. Yawancin abin da aka ci ko aka sha, in hanji ya tsotse shi, ta hanta yake fara bi. Aikinta shi ne ta sauya abu mai cutarwa ya zama wanda ke narkewa a ruwa. Daga nan sai ta tura waninsa cikin ruwan matsarmama ya bi hanji ya fita da bayan gida, ta mai da waninsa cikin jini ya tafi ƙoda.

Ƙoda guda biyu su ne matata. A yini da kwana sukan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, su mai da kusan dukansa, su zubar da wajen lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari tare da dattin da aka tsame. Huhu kuma yana fitar da gurɓatacciyar iska a kowane numfashi.

Wannan aiki ba ya tsayawa dare da rana, ba ya kuma jiran wani magani ya tashe shi. Yawancin abin da ke shiga jiki, har da magungunan asibiti, yakan fita cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Amma akwai guba iri biyu da ke kuɓuce wa hanta da ƙoda. Iri na farko ita ce wadda jiki ke ɗauka a kan kayan ginin ƙashi ce, sai ya saka ta cikin ƙashi. Iri na biyu ita ce wadda ba ta narkewa a ruwa sai a mai, wadda hanta ke shan wuyar farfasa ta, sai ta laɓe cikin kitse.

3. ƘASHI DA GUBAR DALMA

Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar itace. Ba haka ba ne. Ƙasusuwan baligi 206 duk masu rai ne, jini yana shigarsu yana fita. A cikinsu da haƙora aka ajiye kashi 99 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da ke jiki. Ƙashi kamar rumbu yake: ana zubawa, ana ɗiba. A kowace shekara akan rushe wajen kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi a sake gina shi, na yaro kuwa ya fi haka sauri.

To, dalma tana kama da kalsiyam a wurin jiki. Idan ƙurarta ta shiga ta baki ko ta hanci, sai ta bi jini. Rabin wadda ke cikin jini takan ragu cikin wata guda ko makamancin haka, amma ba duka ke fita da fitsari ba. Mai yawa takan shige ƙashi da haƙori, a gina ta ciki tamkar tubali. A jikin baligi fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ya tara tana cikin ƙashi, a jikin yaro kuwa wajen kashi 70. A can takan yi shekara goma, ashirin, har fiye.

Da za ta zauna can shiru da da sauƙi. Amma duk lokacin da jiki ya buɗe rumbu don ya ɗebi kalsiyam, sai dalma ta biyo. Wannan yakan faru musamman lokacin da mace ke da ciki ko take shayarwa, da lokacin da al'adarta ta ɗauke saboda shekaru, da lokacin tsufa, karaya, ko doguwar jinya. Watau yarinyar da ta haɗiyi ƙurar dalma tana shekara biyar tana iya miƙa wa ɗan da ke cikinta gubar nan tana shekara ashirin, domin dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi.

Yara ƙanana su suka fi shiga haɗari. Suna rarrafe a ƙasa, suna sa hannu a baki, hanjinsu kuma yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Ƙwaƙwalwarsu tana cikin girma, dalma kuwa tana daƙile ta. Kaɗan daga cikinta yakan rage wa yaro basira da natsuwa ba tare da an ga wata alama ba. Mai yawa yakan kawo ciwon ciki, amai, rashin jini, kasala, jijjiga, suma, har mutuwa. Ga manya takan jawo hawan jini, ciwon ƙoda, ɓari, da raunin haihuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka sani ba ya cutarwa. A ƙa'idar da ta fitar a 2021 ta ce in aka sami maikirogiram 5 a kowace desilita ta jini, to a nemo inda gubar ke fitowa a toshe. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram, desilita kuwa kashi ɗaya cikin goma na lita. Mai karatu zai ga ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Ba dalma kaɗai ƙashi ke ajiyewa ba. Sinadarin fuloraid, wanda kaɗan daga cikinsa ke ƙarfafa haƙori, in ya yi yawa a ruwan sha sai ya taru a haƙora su yi dabbare-dabbare, in abin ya tsananta ƙasusuwa su sandare ko su lanƙwashe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita. A garin Tibiri na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan famfo da aka jawo daga wata rijiya mai zurfi ya nakasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a gane dalili a ƙarshen shekarun 1990. Don haka ya kamata a auna ruwan kowace sabuwar rijiyar burtsatse kafin jama'a su fara sha.

4. DARASIN ZAMFARA DA NEJA

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-Gari-Na-Kowa, wadda aka fi sani da MSF, suka lura yara suna mutuwa fiye da kima a waɗansu ƙauyuka na Ƙananan Hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Yaro sai ya kama amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi masa kome ba. Da aka auna jini sai aka tarar dalma ce.

Dalili kuwa shi ne, farashin zinariya ya tashi, mutane suka duƙufa haƙar dutse. Dutsen wannan yanki yana haɗe da dalma mai yawa. Akan kawo shi cikin gari a farfasa, a niƙa a injin niƙan hatsi, a daka a turmi cikin gida, a shanya a tsakar gida inda yara ke wasa. Ƙura ta bi ɗaki, ta bi abinci, ta bi hannun yara.

Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu, tare da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, ya nuna cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, watau ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin 100 suna da maikirogiram 45 ko fiye, wanda shi ne matakin da ake ba yaro magani na musamman. Gaba ɗaya an ƙiyasta yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, 'Yargalma, Abare da Bagega. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a yankin Shikira na Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Yadda aka shawo kan abin shi ne babban darasi. Ba a fara da magani kawai ba. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da lunguna, aka kwashe aka binne a rami mai nisa, aka shimfiɗa sabuwar ƙasa mai tsabta, aka kuma fitar da aikin niƙan dutse daga cikin gari. Dalili shi ne, ba amfani a ba yaro magani a mai da shi cikin ƙurar da ta kwantar da shi. A Bagega ba a sami yin wannan aiki ba sai 2013, yaran garin kuwa suka yi ta jira.

Maganin da likitoci suka yi amfani da shi yana kama dalmar da ke cikin jini ya riƙe ta, ƙoda ta fitar da su tare. Amma ba ya isa can cikin ƙashi sosai. In aka gama zagaye ɗaya jini ya yi sauƙi, bayan 'yan makonni sai ƙashi ya sake sako wata, awo ya sake hawa, a sake wani zagaye. Akwai yaran da suka yi shekaru ana bibiyarsu, kuma sai a 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jihar. Har ila yau, maganin yana ceton rai, amma ba ya gyara ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace.

To, in maganin asibiti mai ƙarfi, a hannun ƙwararrun likitoci, yana buƙatar watanni da shekaru, ina ga kwalbar da ake cewa za ta gama aiki cikin kwana uku?

5. KITSE DA MAGUNGUNAN ƘWARI

Kitse shi ne ma'ajiya ta biyu. Amfaninsa ga jiki shi ne ajiyar ƙarfi don ranar yunwa, da tsare gaɓoɓin ciki, da riƙe ɗumi. Amma kamar yadda man gyaɗa ke kama warin kananzir in an zuba shi a galan ɗin da ba a wanke ba, haka kitse ke riƙe duk wata guba mai narkewa a mai.

Manya a cikin irin wannan guba su ne tsofaffin magungunan ƙwari, kamar DDT da lindan, wanda aka daɗe ana sayarwa da sunan Gammalin 20, da kuma wani mai da ake zubawa a tsofaffin taransifoma na lantarki. Ba sa ruɓewa da wuri, ko a ƙasa ko a ruwa ko a jiki. In aka zuba su a kogi don kashe kifi, ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babban kifi ya ci ƙarami, mutum ya ci babba. A kowane mataki gubar ƙara taruwa take yi, wanda ke ƙarshe shi ke kwasar mafi yawa. A kitsen mutum kuwa takan yi shekaru da dama tana fita kaɗan-kaɗan.

Saboda wannan hali nasu ne ƙasashen duniya suka sa hannu a kan yarjejeniyar birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin a 2001, wadda ta fara aiki a 2004, don hana yin irin waɗannan sinadarai da sayar da su. An ƙara lindan cikin jerin a 2009. DDT kuwa an bar ƙofarsa ne kawai don yaƙi da ƙwarin da ke yaɗa cuta, kamar sauro, a ƙarƙashin kulawar hukuma, ba don gona ba.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, idan mutum ya rame farat ɗaya, kitsensa ya narke, gubar da ke ciki takan koma jini. Don haka horon yunwa mai tsanani da sunan wanke jiki ba ya fitar da ita, motsa ta kawai yake yi. Mai son rage ƙiba ya yi a hankali. Na biyu, kaɗan daga cikin gubar yakan bi nonon uwa, domin nono yana da mai. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa amfanin nonon uwa ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba. Kada uwa ta yaye ɗanta saboda tsoro, sai fa in likita ya auna ya ba da umurni.

Yawancin magungunan feshi na yanzu ba sa daɗewa a kitse, amma wannan bai sa sun zama marasa haɗari ba. Su nan take suke kayar da mutum.

6. TAMBAYOYI A KAN WANKIN JIKI

Ko maganin zawo yana wanke guba?
A'a. Abin da yake fitarwa shi ne abincin da ke cikin hanji, da ruwa, da gishirin jiki. Ba ya isa ƙashi, ba ya isa kitse. Yawan shan sa yakan ƙarar da ruwan jiki, ya wahalar da ƙoda. Ga yaro, tsoho, da mai ciki, yana iya zama ajali.

Ko gumi yana fitar da ita?
Gumi ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Abin da ke bin sa na guba bai taka kara ya karya ba. Motsa jiki yana da amfani ƙwarai ga zuciya da ƙashi, amma ba ta hanyar wanke guba ba.

Ƙaho fa, da tsaga?
Jinin da ƙaho ke jawowa yakan yi baƙi ne domin ya daskare, ba don datti ya taru a cikinsa ba. Tun da yake dalmar da ke yawo a jini 'yar kaɗan ce in an gwada da ta ƙashi, zubar da ɗan jini ba ya rage ta. Yaron da dalma ta kama ya riga ya rasa jini, tsaga kuwa ƙara masa rauni za ta yi. Ban da haka, askar da aka yi wa mutum biyu aiki da ita ba a dafa ba tana iya ɗaukar ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki.

Tausa tana matso guba daga tantani?
Tausa tana sassauta tsoka, ta rage gajiya. Wannan amfani ne na gaske, amma iyakarsa ke nan.

Jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a kwalba fa?
Wanda ba a san abin da ke ciki ba, ba a kuma san ma'auninsa ba, hanta da ƙoda ne za su yi fama da shi. Likitoci sun sha karɓar marasa lafiya da ƙodarsu ko hantarsu ta lalace ta wannan hanya. A duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikin kowane magani, a kuma sani cewa lamba ba ta mai da alkawarin ƙarya gaskiya.

Tafasa ruwa yana kashe dalma?
Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da fuloraid ba su da rai balle su mutu. In ruwa ya ƙone ma ƙara kauri suke yi.

7. ABIN DA YA KAMATA A YI

Tun da fitar da guba daga ma'ajiyarta yana da wuya haka, hanya mafi sauƙi ita ce a hana ta shiga.

(a) Kada a kawo dutsen ma'adini cikin gida ko cikin gari. Kada a niƙa shi a injin hatsi, kada a daka a turmin abinci. A jiƙa shi da ruwa lokacin aiki don ƙura ta kwanta. Mai aikin ya yi wanka, ya sauya tufafi da takalma kafin ya koma gida. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin.

(b) Masu gyaran batir da masu narka shi, masu walda, da masu fenti su bi wannan ƙa'ida. Kada a fasa tsohon batir a unguwa, kada a ci abinci a wurin aiki ba a wanke hannu ba.

(c) A kula da kwalli. Wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli yawancinsa dalma ne. Wani kwallin da aka kai Amurka daga Nijeriya, aka riƙa sa wa jariri, da aka auna shi an sami dalma fiye da kashi 80 cikin 100, kamar yadda hukumar lafiyar ƙasar ta bayar da rahoto a 2012. Jariri yakan murza ido ya tsotsi yatsa. Kada a sa wa yara irin wannan kwalli.

(d) A nemi fentin da ba shi da dalma, musamman don ɗakin yara da makaranta. Kada a bar yaro ya ci ɓawon tsohon fenti. Man fetur mai dalma an daina sayar da shi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara tun 2006, a duniya baki ɗaya kuma a 2021, amma ƙurarsa ta dā tana iya saura a ƙasar bakin manyan hanyoyi. Kada wurin ya zama filin wasan yara.

(e) A wanke wa yara hannu da sabulu kafin cin abinci. A yayyafa ruwa kafin shara. A shimfiɗa tabarma mai tsabta ga mai rarrafe, a rufe abinci da ruwan sha.

(f) A ciyar da yara a kan lokaci, domin hanjin da ba kome a cikinsa ya fi tsotsar dalma, haka kuma jikin da ya rasa kalsiyam da sinadarin ƙarfe. Nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, riɗi, zogale da kuka suna ba da kalsiyam. Hanta, nama, wake da alayyafo suna ba da sinadarin ƙarfe. Lemo, gwaiba da tumatir suna taimaka wa jiki ya karɓe shi. Mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha magungunan da aka ba ta, domin in ta sami isasshen kalsiyam jikinta ba zai matsa wa ƙashinta ba.

(g) Kada a kashe kifi da maganin ƙwari, kada a sayi kifin da aka kashe da shi. Kada a zuba ruwa, mai ko nono a galan ɗin maganin feshi, kome wankin da aka yi masa. A nemi shawarar malamin gona kafin a sa wa hatsi maganin ajiya.

(h) A tsare hanta da ƙoda, tun da su ke aikin. A yi allurar rigakafin ciwon hanta, a guji barasa, a zubar da gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, a daina shan maganin ciwon jiki barkatai, a riƙa auna hawan jini da sukari, a sha isasshen ruwa mai tsabta.

(i) In yara biyu ko uku a unguwa ɗaya suka kama jijjiga ko suma ba tare da dalili bayyananne ba, musamman inda ake aikin ma'adini ko batir, a kai su asibiti nan da nan, a gaya wa likita sana'ar gidan. A sanar da mai unguwa, dagaci, da sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma. Awon jini kaɗai ke nuna dalma, maganinta kuwa ba a shan sa sai a hannun likita.

8. TAMBAYOYI DON AJIN MANYA

1. Waɗanne sassa ne ake kira kayan haɗin jiki?
2. Waɗanne gaɓoɓi ne ke fitar da datti daga jiki?
3. Me ya sa dalma ke shiga ƙashi, kuma a wane lokaci take fitowa?
4. Me ya sa aka kwashe ƙasar gidaje a Zamfara kafin a mai da yara gida?
5. Wace sana'a ake yi a wannan gari da za ta iya kawo guba cikin gida, kuma me za a yi a kai?

KAMMALAWA

Abin da ya shiga ƙashin yaro yau, da shi zai girma, wataƙila ma ya kai ga 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Kuɗin da ake kashewa a kan maganin wankin jiki, in aka sayi sabulu, nono da wake da su, sun fi amfani ga iyali. Hakimai, dagatai, malaman makaranta, shugabannin ƙungiyoyin sana'a da na mata, kowa yana da nasa aikin wajen isar da wannan bayani ga jama'arsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.